Man Gyaɗar Inna da Darasin Jari-Hujja



A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na ilimin zamantakewa ya cika mana allo da sunaye: Karl Marx, Max Weber, Davis da Moore, da wasu mata Turawa da ko furta sunansu sai da muka yi gumi. Yawancinmu hadda muka yi, muka juye a takardar jarrabawa, muka fito muka karkaɗe riga. Wani abokina ɗan sashen ƙere-ƙere ma cewa ya yi, "Ni da zan ƙare a gareji, ina ruwana da rigimar Turawa?" Ni ma haka na ɗauki abin, har sai da na je hutu gida, Gude, a Ƙaramar Hukumar Kabo, na zauna a tsakar gida ina kallon Inna tana matsar man gyaɗa. A nan na gane cewa abin da aka rubuta mana a allon nan, labarin gidanmu ne.

Ga wanda bai taɓa gani ba, aikin ba wasa ba ne. Za a ɓare gyaɗa, a soya, a murje, a fece ɓawon, a kai inji a markaɗo, a dawo a zuba a turmi ana juyawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Sai a matse tunkuzar, a mulmula, a soya ƙuli-ƙuli. Yini guda cur, ga hayaƙi, ga ciwon baya. Ƙanwata ita ke kai niƙa, ita ke ɗebo ruwa, ita kuma ke ɗaukar ƙulin zuwa talla. Na ce da Inna, "Wai nawa kike samu a kwano goma?" Ta lissafa min kuɗin gyaɗa, kuɗin inji, kuɗin itace. Ta ce man shi ke dawo da uwar kuɗi, ƙulin shi ne riba. Na ce, "To kuɗin aikinki fa, da na yarinyar nan?" Ta yi dariya ta ce, "Kai ɗan nan, aikina kuma har kuɗi ne?"

Daga wannan ribar ce aka cika min kuɗin rajista sau biyu. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan, ina faɗarsa ne a matsayin wanda ya ci moriyar abin da yake suka.

Ra'ayina shi ne, talaucin ƙauyukanmu hawa biyu ne. Kasuwa tana tatsar manomi da ɗan ƙwadago, sannan giɓin da tatsar ta bari a gida, mace da 'yarta ne suke cike shi da aikin da babu mai lissafa shi. Wanda ya kalli hawa ɗaya ya manta da ɗayan, rabin ciwon ya gani. Mu kuma da muke koyon ƙera inji da tsara kasuwanci, abin ya fi shafarmu fiye da kowa.

Bari mu fara da ra'in da ya fi yi wa masu hali daɗi. A 1945 wasu masana biyu 'yan Amurka, Kingsley Davis da Wilbert Moore, suka ce bambancin samu yana da amfani ga al'umma. Hujjarsu ita ce, akwai ayyuka masu muhimmanci da ke buƙatar doguwar koyo, in ba a saka wa masu yin su da albashi mai tsoka da girma ba, babu wanda zai jure wahalar koyon. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Babu mai cewa likitan da ya shekara shida yana karatu a biya shi daidai da wanda bai koyi komai ba. Amma ra'in ya tsallake tambayoyi biyu. Ta farko, wa aka bari ya shiga layin koyon tun farko? Ƙanwata ta fi ni lissafi tun muna firamare, kowa a gidanmu ya san haka, amma ni ne a nan. Ta biyu, wa ke yanke hukuncin aikin da ya fi muhimmanci? A ce matan Gude su ajiye taɓarya da tukunya na mako guda, mu ga ko akwai namijin da zai iya ɗaga fartanya.

Marx, wanda ya fitar da juzu'in farko na babban littafinsa kan jari a 1867, ya kalli abin ta wata fuska. A wurinsa, jama'a a tsarin jari-hujja sun rabu gida biyu: masu mallakar abin da ake samar da dukiya da shi, wato ƙasa da inji da jari, da waɗanda ba su da abin sayarwa sai ƙarfinsu. Ma'aikaci yana samar da abin da ya fi ladan da aka ba shi daraja, rarar kuma ita ce ribar mai jari. Wani zai ce ai a Gude babu masana'anta, kowa da gonarsa. Haka ne. Amma jari-hujja ba sai ta gina masana'anta a garinku take shiga aljihunku ba, kuma tarihin gyaɗa ya ishe mu misali.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fatauci a 1912. Turawan mulkin mallaka auduga suka sa rai za a noma musu, sai manoman ƙasar Kano suka ga gyaɗa ta fi, ga kuma haraji da dole a biya shi da tsabar kuɗi. Kamfanonin Turai suka kafa ma'auni, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka zama manyan masu sayo musu, gyaɗarmu ta tafi Turai ana yin sabulu da man girki da ita. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ta karɓi ragamar farashi, tana saye a hannun manomi ƙasa da farashin kasuwar duniya, tana riƙe rarar. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, gumin kakanninmu ne aka jera buhu bisa buhu. Kuma kafin injin ɓare gyaɗa na hannu ya yaɗu, su wa suke ɓare ta a turmi? Mata da yara. A rasit ɗin ma'auni kuwa sunan maigida kaɗai ake sani.

An rushe hukumomin ciniki a 1986, amma tatsar ba ta tsaya ba, salo ta sauya. Manomi ya ci bashin taki da damina, kaka na yi dole ya sayar da arha don ya biya. Mai jari ya saye ya kulle a sito ko ya tura Dawanau. Kafin sabon hatsi ya nuna, manomin nan ya dawo yana awon abin da shi ya noma da tsada. In rumbu ya ƙare a tsakiyar damina, sai ya bar gonarsa ciyawa na cinye ta, ya tafi ƙwadago gonar mai hali. Baɗi amfaninsa ya ragu, na mai halin ya ƙaru, wata rana gonar ma ta tafi jingina. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta nuna yadda talauci kan kai mutum ga kasa noma gonarsa ta kansa. Michael Watts ma, a littafinsa na 1983 kan yunwa a arewacin Najeriya, ya bi diddigin yadda haraji da bashi da kasuwa suka raunana hanyoyin da manoma ke kare kansu daga fari.

Na san akwai mai cewa, "Malam, wannan ai maganar 'yan gurguzu ce." To, tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya rubuta cewa asalin riba da dukiya aikin ɗan Adam ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙ, ya soki sarakunan zamaninsa kan ɗora wa talakawa haraji na zalunci da ƙwace musu dukiya. A Kano aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma sanarwar Sawaba ta fito fili ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e. A 1979 gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Maganar aji ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, iyayenmu sun sha ɗauri a kanta.

Sai dai akwai inda lissafin Marx ya tsaya a bakin zaure bai shiga cikin gida ba. Ɗan ƙwadagon nan da ya iso gonar Alhaji da sassafe, wa ya dama masa kunu? Wa ya wanke masa riga, ya yi jinyarsa da ya kwanta zazzaɓi, ya raini yaran da za su zama 'yan ƙwadagon gobe? Da a ce duk wannan sayensa ake yi a kasuwa, ladan yini da ake ba shi ko kusa ba zai isa ba. Ke nan arhar ƙwadago tana tsaye ne a kan aikin kyauta na mace. Wannan shi ne abin da masana mata irin su Silvia Federici suka dage a kai tun daga 1972, lokacin da suka fara fafutukar a ɗauki aikin gida a matsayin aiki mai lada. A 1979 Heidi Hartmann ta yi ƙorafin cewa duk lokacin da aka haɗa batun aji da na mata, sai na aji ya haɗiye ɗayan, alhali maza, har da talakawansu, suna amfana da aikin matansu. A nan gida ma, taron da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1982, wanda ya haifar da ƙungiyar WIN, matsayarsa ke nan: macen Najeriya tana fuskantar danniya a matsayinta na talaka, tana kuma fuskantar wata a matsayinta na mace.

Wannan maganar ta Hartmann ta yi min ɗaci, domin da ni take. Ni ɗan talaka ne, amma ina hutu nake kwance a ɗaki ina latsa waya, ƙanwata na rijiya.

Duk da haka, kada mu kwaso ra'in Turawa mu kifa a kan matanmu kamar faifai a bakin ƙwarya. Matar gidan da suke magana a kai, wadda ba ta da ko sisi sai abin da miji ya ba ta, ba ita ce Bahaushiya ba. Tun 1969 Polly Hill ta yi rubutu kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida, wanda baƙo ba ya gani: fura, ƙosai, daddawa, mai, ƙuli, awon hatsi. Enid Schildkrout, a bincikenta cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa yara su ne ƙafafun wannan ciniki. Kuma shari'a ta ba mace ikon mallakar dukiyarta, ta ɗora ci da sha da sutura a wuyan miji. A ƙa'ida, ribar Inna tata ce, Baba ba shi da iko da ita.

To a ina gizo ke saƙar? A daidai inda hawa biyun nan suka haɗu. Ranar da rumbu ya ƙare, ko kuɗin taki ya tashi, ko kuɗin mota ya ninka kamar yadda muka gani bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, maigida zai leƙo ya ce, "Ranta min na cefane." Wace uwa ce za ta riƙe jari 'ya'yanta na kuka? Jarin ya narke a tukunyar miya. Ga kuma kayan ɗakin 'ya mace da al'ada ta jibga wa uwa. Daga ina za su fito? Daga talla. Sai ka ga farashin da aka yanke a Dawanau ya bi ta aljihun uba, ya ratsa jarin uwa, ya ƙare a kan kujerar 'ya a makaranta. Gwamnatin Kano ta ce ilimi kyauta ne kuma dole, amma a gida irin namu tsadar karatun yarinya ba kuɗin makaranta ba ne kaɗai, har da cinikin yinin da za a rasa in ta tafi aji. Wanda ya tsaya yana zagin iyaye da jahilci bai yi wannan lissafin ba. Wanda kuma ya ce laifin jari-hujja ne kawai, sai ya gaya mana dalilin da ya sa in za a cire ɗaya daga makaranta, macen ake cirewa.

Weber ya ƙara mana wani ma'auni. Ya ce ban da dukiya akwai daraja, akwai kuma iko, kuma ba kullum suke tafiya tare ba. Mu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mai HND da mai digiri za su iya yin aiki iri ɗaya, amma a wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma a nuna musu ba ɗaya suke ba. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin kawar da wannan bambanci a 2021, bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. A gargajiyance ma haka ne. M. G. Smith ya rubuta a 1959 yadda sana'ar gado da asali ke tsara darajar namiji a ƙasar Hausa, ta yadda mutum zai yi kuɗi amma a wurin neman aure a tuna masa sana'ar kakansa. In har muna jin zafin a raina takardarmu duk da mun iya aiki, ya kamata mu fi kowa gane zafin wadda ake rubuta wa "ba ta aiki" a fom alhali tun asuba take tsaye.

Kuma mata su ma ba ɗaya suke ba. Hajiyar da ke aiki a ofis a birni tana samun fita ne saboda akwai 'yar aiki a gida, yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye irin namu, ana aika wa uwarta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a ƙarshen wata. Dukkansu mata ne, amma 'yancin ɗaya a kan bayan ɗaya yake. Lauyar nan 'yar Amurka, Kimberlé Crenshaw, ta ba irin wannan haɗuwar danniya suna a 1989, tana kwatanta ta da mararrabar hanya, inda mota za ta iya buge mutum ta kowace kusurwa.

Kada kuma a ɗauka matan nan zaune suke suna jiran mai ceto. Gambo Sawaba ta sha duka da kurkuku tana neman wa matan Arewa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 da babban zaɓen 1979. A Kadawa, yankin noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga, matan karkara da ke ƙwadago a gonar wani kamfanin Turai sun yi yajin aiki kan lada a shekarun 1970, har wata mai bincike, Sam Jackson, ta rubuta labarinsu a 1978. Ba su karanta Marx ba, amma sun san darajar guminsu.

Saura mai cewa arziki da talauci nufin Allah ne. Babu musu. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya wajabta zakka, ya haramta riba, ya yi gargaɗi mai tsanani kan tauye mudu da ɓoye abinci, ya ce a biya ma'aikaci haƙƙinsa a kan kari. Da babu hannun mutum a cikin talaucin wani, da ba a yi waɗannan dokoki ba. Shehu Usmanu da kansa ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru don karantar da matan karkara. Ni ban ce kowa ya zama ɗan gurguzu ba. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 da nata zunuban. Abin da na ce shi ne, in mutum ya miƙo maka tocila a cikin duhu, haska ka ga abin da ke ɗakinka.

Yanzu ga inda abin ya zo kanmu. Duk shekara ɗalibai a nan suna ƙera injin matsar mai, injin sussuka, injin ɓare gyaɗa a matsayin aikin kammala karatu. A babin farko kowa zai rubuta cewa injin zai rage wa matan karkara wahala. Gaskiya ne, Inna ba za ta so a koma zamanin dutsen niƙa ba. Amma ku duba garuruwanku da kyau. Lokacin da ake daka da hannu, aikin mata ne, har akwai masu dakau da suke ci daga ciki, galibi zawarawa da tsofaffi marasa mai taimako. Da injin niƙa ya zo, na wa ya zama? A Kura mata suna turara shinkafa a gaban wuta, injinan casa kuwa akasari na maza ne masu jari. Aiki yana hannun mace muddin wahala ce zalla, ranar da ya fara kawo kuɗi sai ya sauya hannu. Ester Boserup ta lura da irin wannan tun 1970 a ƙasashe masu tasowa da dama. Injin matsar man da abokina yake ƙerawa zai iya ninka ribar Inna, zai kuma iya raba ta da sana'ar gaba ɗaya. Abin da zai raba gardama shi ne sunan wanda ke kan rasit ɗin sayensa.

Don haka ina da roƙo huɗu. Na farko ga masu aikin kammala karatu: kafin ka zana inji, je ka zauna da matan da ke yin aikin, ka tambaye su nawa adashensu zai iya saye, ka ƙera daidai da haka, wanda mace za ta iya tayarwa ta kuma gyara. Na biyu ga 'yan sashen kasuwanci da akanta: in kuna lissafin ribar ƙaramar sana'a, ku sa sa'o'in mai sana'ar da na 'ya'yanta a layin kashe kuɗi, ku kuma koya wa ƙungiyoyin mata yadda ake rajistar ƙungiyar gama kai don su mallaki inji da sunansu. Na uku ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai: ku nemi alƙaluman 'yan mata nawa suka shiga kowane sashe, nawa suka kammala, ku bi sawun dalilin waɗanda suka bari. Ku nemi a ba da damar biyan kuɗin rajista kashi-kashi, a kuma ware ɗaki mai tsabta ga ɗalibai masu shayarwa. Wannan ya fi rabon riguna a makon ɗalibai amfani.

Na huɗu ga 'yan uwana maza, kuma da kaina na fara. Kowannenmu ya zauna ya lissafa mata nawa ne suka yi aikin kyauta kafin ya kai ga wannan aji. Ni na yi nawa, kunya ta kama ni. Kafin in dawo daga hutu mun yi magana da Baba da Inna, mun yi yarjejeniya: kuɗin da nake samu a gyaran waya a ƙarshen mako zai riƙa maye cinikin tallar safe, ƙanwata kuma ta koma aji. Ban san ko zan iya riƙewa har ta gama ba, kuma na san wannan bai taɓa farashin Dawanau da komai ba. Amma bashi ne, kuma wanda ya ci bashi ba ya jiran a gyara duniya kafin ya fara biya.

Allah Ya saka wa iyayenmu mata da alheri, Ya ba mu ikon sauke nauyinsu.